Tauraron Da Ke Kallon Gonakinmu Bai Iya Hausa Ba

Na san da yawanku labari kuka fi so, ku ji yadda aka ƙare tsakanin wance da wane. To ku yi mini afuwa, yau maganar ruwan sama na zo da ita, domin a kanta tuwonmu ya dogara, da mai rubuta littafin da mai karanta shi.

Duk shekara idan bazara ta yi nisa, akwai tambaya ɗaya da take hana magidanci barci a garinmu Indabo, cikin ƙaramar hukumar Wudil, haka nan a Utai da Lajawa da Darki: ruwan nan da ya sauka na shuka ne, ko na yaudara? Idan mutum ya yi shuka sannan sama ta ɗauke sati biyu ko uku, iri ya tsiro ya ƙone, ya yi asarar iri da kuɗin ƙwadago, sai ya sake neman wani, sau da yawa da bashi. Idan kuma ya ce bari ya dakata, ashe daminar ce ta kankama, to maƙwabta sun riga shi, kuma in ruwa ya ɗauke da wuri a ƙarshe dawarsa ba za ta nuna ba. Wanda ya yi binne ma bai tsira ba, yayyafi kaɗan ya isa ya ruɓar masa da iri a cikin ƙasa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, akwai wata na'ura can sama da take ɗaukar hoton gajimaren da ke kan gonakin nan kowane minti 10, dare da rana, kuma hotunan suna sauka a ƙasar nan. Saƙo yana yin tafiyar kilomita dubu talatin da shida cikin ƙiftawar ido, amma ya kasa yin tafiyar da ta rage daga ofis zuwa kunnen mai fartanya. Ra'ayina shi ne, wannan guntuwar tafiyar ita ce ta cancanci kuɗinmu da ƙoƙarinmu, kafin mu fara mafarkin mallakar tauraron yanayi na kanmu. Amma don a fahimce ni, bari mu fara sanin shi kansa tauraron.

A ranar 1 ga Afrilu 1960, wata shida kafin Nijeriya ta sami mulkin kai, Amurka ta harba TIROS-1, tauraron ɗan'adam na farko da ya yi nasarar aiko da hotunan gajimare daga sama. Kwana 78 kawai ya yi yana aiki. Ƙasashen Turai suka biyo baya da nasu mai suna Meteosat a watan Nuwamban 1977, kuma hukumar da suka kafa a 1986, wato EUMETSAT da ke garin Darmstadt a Jamus, ita ce take kula da zuriyarsa. Wanda yake gadi a kanmu a yanzu shi ne Meteosat-12.

Yana tsaye ne a nisan kilomita 35,786 daga doron ƙasa, saitin layin da ya raba duniya gida biyu. A wannan nisan, lokacin da tauraro yake ɗauka ya zagaya duniya sau ɗaya ya yi daidai da lokacin da duniya take ɗauka ta juya sau ɗaya. Ka ɗauka mai babur ne ya jera da motar haya a hanyar Wudil zuwa Kano, gudunsu ɗaya: fasinja zai riƙa ganinsa ta taga kamar bai motsa ba, alhali kuwa gudu yake shararawa. Wannan ne ma dalilin da ya sa ake kafa farantin dish na kallo sau ɗaya ba a sake juya shi. Wurin da aka zaɓa wa Meteosat yana saman Tekun Atlantika, kudu da ƙasar Gana. Ka ga ke nan mu yake kallo kusan kai tsaye, su kuwa masu shi, Jamus da Faransa da Ingila, ta gefen ido yake hango su. Sun gina don kansu, Allah ya sa mu muka fi fitowa a hoto.

Kai shi can kuwa aiki ne ja. An harba shi ranar 13 ga Disamba 2022 a kan roka mai suna Ariane 5, daga Kourou, wani yanki na Faransa a gaɓar Kudancin Amurka. An zaɓi wurin ne saboda yana kusa da tsakiyar duniya, inda juyin ƙasa yake ƙara wa roka gudu, sannan gabas da shi teku ne, in wani abu ya faɗo ba zai faɗa kan mutane ba. Nauyin tauraron ya kusa tan 4, kuma kimanin rabinsa mai ne. Roka ba ta kai shi har masauki. Takan sake shi a wata karkatacciyar hanya, ya buɗe farantansa na sola ya fara shan rana, sannan shi da kansa ya riƙa kunna injinsa kwana da kwanaki har ya daidaita. Ko bayan ya isa, sai da aka shafe kusan shekara biyu ana gwaji kafin a amince da shi a Disambar 2024, ya kuma karɓi babban gadi a watan Yunin 2025.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi burge ni, wato ajiya. Mutanen nan ba sa jira tauraro ya mutu kafin su nemi wani. Suna da rumbu iri uku. Na farko a ƙasa yake: taurarinsu uku masu suna Metop, waɗanda aka yi domin su zagaya duniya ta kan ƙanƙarar arewa da ta kudu a nisan kilomita ɗari takwas da 'yan kai, sau 14 a rana, tare aka ƙera su, aka adana biyu a ɗaki mai tsafta, aka riƙa fito da su ɗaya bayan ɗaya, a 2006 da 2012 da 2018. Rumbu na biyu a sama yake. Meteosat-11 an harba shi a Yulin 2015, aka gwada shi, aka ga lafiya lau, sai aka rufe masa ido aka bar shi yana barci a sama har Fabrairun 2018 da aka tashe shi ya kama aiki. Amurkawa ma haka suke yi, kuma sun ga ranarsa: a Satumbar 2012, tsakiyar lokacin guguwar teku, tauraronsu GOES-13 ya sami matsala, nan take aka tashi GOES-14 da ke ajiye ya toshe gurbin. Idan tauraro ya tsufa kuwa, da ragowar mansa ake tura shi kimanin kilomita 300 sama da hanya, ya ba na baya wuri. Rumbu na uku shi ne na hotuna. Ba a zubar da ko ɗaya. Daga irin wannan ajiyar ne masana na shirin TAMSAT a Jami'ar Reading ta Ingila suka fitar da lissafin ruwan da ya sauka a faɗin Afirka tun daga 1983, har da wannan yanki namu. Bahaushe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya, ga waɗanda suka riƙe maganar.

Wani zai ce ai mu ma muna da taurari. Gaskiya ne. An kafa hukumar sararin samaniya ta NASRDA a 1999, aka harba NigeriaSat-1 daga Rasha a Satumbar 2003, sannan NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X a Agustan 2011. Waɗannan masu ɗaukar hoton ƙasa ne, dazuzzuka da garuruwa da gonaki, suna wucewa ne su tafi, ba su tsaya gadin hadari ba. Akwai kuma na sadarwa, NigComSat-1, da aka harba daga ƙasar Sin a Mayun 2007. A Nuwamban 2008 farantansa na sola suka lalace ya mutu, kuma da yake babu na ajiya, sai da aka jira har Disambar 2011 kafin magajinsa ya tashi. Shekara uku ke nan. A cikinsu duka babu na hasashen yanayi. Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, NiMet, wadda doka ta kafa a 2003, da hotunan Meteosat da ire-irensa take aiki, kamar sauran takwarorinta na Afirka.

To yaya hoto yake zama hasashe? Tauraron yana da ido iri-iri har 16. Wasu suna gani kamar namu, wasu kuma zafi da sanyi suke ji, shi ya sa duhun dare ba ya hana shi aiki. Gajimaren da yake ɗauke da ruwa mai yawa yakan yi tsawo ƙwarai, kuma gwargwadon tsawonsa gwargwadon sanyin kansa. Idan aka ga kan gajimare ya kai sanyin digiri 40 ƙasa da sifiri ko fiye, an san hadari ne na gaske. Sabon tauraron har walƙiya yake ƙirgawa. Mu kuma kowa ya san hadarinmu daga gabas yake tasowa. Masana sun tabbatar da abin da kakanninmu suka sani, sun kuma auna gudunsa: manyan hadarurrukan damina suna tafiya yamma da gudun kimanin kilomita 50 a awa. Ke nan hadarin da aka gani ya haɗu a kan Azare, zai iya kaiwa ƙasar Wudil cikin awa uku, na kan Potiskum kuma cikin awa biyar. Awa uku ta ishi uwargida ta kwashe shanyar barkono da kuɓewa, ta ishi mai zuba yuriya ya fasa don kada ruwa ya wanke masa ita, ta ishi mai fito ya ɗaure kwalekwale. Da hunturu ma haka ne: ƙurar da take zama mana hazo, mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi take tashi, kuma ana ganin tasowarta kafin ta iso Kano.

Wannan na awoyi ne. Na kwanaki kuwa, ana tattara abin da taurari suka auna na zafin iska da danshinta, da na tashoshin ƙasa da jirage, a zuba wa manyan kwamfutoci su lissafa inda iska za ta nufa. Sai kuma na shekara, wanda ya dogara a kan zafin ruwan teku, domin ɗumin Tekun Fasifik da na Atlantika yana da hannu a kan ƙarfin daminarmu. Shi ne NiMet take fitarwa a farkon kowace shekara, inda take faɗin lokacin da ake sa ran faɗuwar damina, da ɗaukewarta, da tsawonta, da yiwuwar tsayawar ruwa a tsakiya, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma. A Yamai ma akwai cibiyar AGRHYMET da aka kafa a 1974, bayan farin da ya halaka dabbobi da mutane a Sahel, tana yin irin wannan aiki don ƙasashen yankin.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa na'urar ba ta kuskure. Tana yi. Tauraro kan gajimare yake gani, ba ya ganin ɗigon da ya taɓa ƙasa. Kuma ruwanmu na da halinsa: sai a tafka shi a Indabo, a wayi gari Kausani ƙura take tashi. Faɗin cewa gobe za a yi ruwa a wannan ƙauye banda wancan yana daga cikin abubuwan da suka fi wahalar da masana a duk duniya, musamman a yankinmu. Abin da yake gyara lissafin tauraro shi ne ma'aunin ruwa da ke kafe a ƙasa, kuma Afirka ce nahiyar da ta fi kowace ƙarancin tashoshin awo. Ma'aunin nan kuwa ba wani abin a zo a gani ba ne, mazubi ne mai zane-zanen lamba. Milimita 1 a cikinsa na nufin lita 1 ta ruwa a kan kowane murabba'in mita. Wani masani mai suna Sivakumar, na cibiyar ICRISAT ta Sadore kusa da Yamai, ya fitar da ƙa'ida a 1988: damina ta faɗi idan an sami milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma ba a sami tsayawar ruwa fiye da kwana 7 ba a cikin kwana 30 da suka biyo baya. Ka lura da kyau. Rabin farko na ƙa'idar manomi yana iya gane shi da hannunsa, in ya tona ƙasa ya ga inda danshi ya kai. Rabi na biyu yana gaba, kuma nan ne yake bukatar mai hange.

Akwai masu cewa wannan duk shiga gaibu ne. Ina girmama tsoronsu, don tsoron Allah ne ya kawo shi. Babu Musulmin da yake shakkar cewa Allah ne yake saukar da ruwa, lokacin da ya so, inda ya so. Amma mu duba abin da muka gada. Idan shamuwa ta iso, dattijo yakan ce a gyara gona. Idan gawo ya fara zubar da ganye, an san damina ta matso. Malamanmu na zaure sun daɗe suna lissafin taurari 28, kowanne da kwanakinsa 13, manoma suna zuwa tambayar wane tauraro ake ciki. Wanda ya ga gabas ta yi baƙi ya ce wa yara su shigo da awaki, ba wanda ya taɓa ce masa boka. Hadarin da ke kan Azare abu ne da yake nan, halittacce, idonmu ne kawai bai kai ba. Na'urar ta hau inda ya fi kowace kuka tsawo ta hango shi. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma wanda ya faɗi haka bai ce ya san gaibu ba. Sharaɗi dai shi ne mai hasashe ya san iyakarsa, ya ce ana sa rai, ya ce in Allah ya so, mai saurare kuma kada ya zubar da ruwan tulunsa don ya ga hadari.

To ina saƙon yake maƙalewa? A ganina wuri uku ne. Na farko harshe. Hasashen shekara littafi ne mai taswirori da jadawali, ana ƙaddamar da shi a babban taro a Abuja. Ana fassara taƙaitaccensa zuwa Hausa, kuma wannan abin yabo ne. Amma fassarar takarda daban, maganar da manomi zai yi aiki da ita daban. Idan aka ce akwai yiwuwar ruwa kashi 60 cikin 100, me ake so ya yi? In ba a bayyana masa cewa ma'anarta ita ce, a cikin ranaku goma masu irin wannan alama shida ake ruwa huɗu ba a yi, to ranar da ba a yi ba zai ce ƙarya aka yi masa, kuma ba zai sake saurare ba. Na biyu wuri. A ce za a yi ruwa a sassan Jihar Kano, jihar da take da ƙananan hukumomi 44, daga Doguwa mai duwatsu da yawan ruwa har Kunci da Makoɗa, kusan daidai yake da ba a ce komai ba. Na uku lokaci. Gargaɗin awa uku da aka karanta a labaran dare bayan ruwan ya sauka da la'asar ya zama tarihi.

Ga mu mutanen ƙasar Wudil maganar ta wuce ta shuka. Ruwan da madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974, da ta Challawa, wadda aka gama a 1992, suke saki, ta ƙarƙashin gadar Wudil yake bi ya nufi Haɗeja. Dattawa ba su manta fashewar madatsar Bagauda a Agustan 1988 ba, mutanen bakin kogi kuma ba su manta ambaliyar 2001 ba. A 2022 ambaliya ta ci rayuka fiye da 600 a faɗin Nijeriya, ta raba fiye da mutum miliyan ɗaya da gidajensu. A Satumbar 2024 madatsar Alau ta ɓalle cikin dare ta shanye Maiduguri. Ruwan da zai cika Tiga a kudancin jihar yake sauka, inda mai shinkafa a fadamar Wudil ba ya gani. Tauraro yana gani. Hukumar NIHSA mai lura da koguna tana fitar da hasashen ambaliya duk shekara. Tambayar ita ce, wa aka ɗora wa alhakin ya buga wa dagaci waya?

Na san masu kishin ƙasa za su ce, har yaushe za mu zauna muna kallo da idon aro? In masu shi suka rufe fa? Wannan magana ce mai nauyi, ban raina ta ba. Amma tauraro ɗaya da ke tsaye a wancan nisan yana ganin Afirka gaba ɗayanta, daga Alƙahira har Kef, don haka in za a yi, aikin nahiya ne, kuma ga Hukumar Sararin Samaniya ta Afirka an buɗe ta a Masar a Afrilun 2025. Sannan mun ga cewa mai tauraro ɗaya kamar marar tauraro ne, sai da na ajiya, sai da na bayan na ajiya. Turawa shida suka tsara a wannan sabon zubi nasu, don su kai shekara 20 ba yankewa. Abu mafi muhimmanci kuma, ko da a ce gobe mun harba namu mai tutar kore da fari, hotonsa a ofis ɗaya zai sauka da na aro, kuma a nan zai maƙale. Wanda bai iya raba tuwon da aka ba shi kyauta ba, sayen sabuwar tukunya ba zai ƙosar da gidansa ba.

Abin da nake ganin za a iya yi, ba tare da jiran biliyoyi ba, ga shi. Mazaɓu goma ne a ƙaramar hukumar Wudil. A kafa ma'aunin ruwa a makarantar firamare ɗaya a kowace mazaɓa, malami da ɗalibansa su riƙa karantawa kowace safiya, su rubuta a littafi, su tura ta waya. Ga jami'ar kimiyya da fasaha a cikin garin Wudil, wadda aka sa wa sunan Aliko Ɗangote a 2022, tana da tsangayar aikin gona. Ɗalibanta za su iya tattara alƙaluman nan su gwada su da na tauraro, ya zama aikinsu na kammala karatu, maimakon kwafe-kwafen abin da ba zai amfani kowa ba. Gidajen rediyon Kano, da suke da filin siyasa har na awa guda kullum, su ware minti biyar bayan Asuba da minti biyar bayan Azahar tun daga Mayu har Oktoba, a kira sunan yanki, a faɗi abin da ake sa rai, a faɗi abin da ya kamata a yi. Malaman gona na KNARDA su zo da hasashen shekara kafin a sayi iri, don in an ce daminar gajeriya ce mutum ya nemi gero mai saurin nuna irin SOSAT. Ranar Juma'a kasuwar Wudil take ci, duk ƙauyukanmu suna can, mai shela ɗaya da lasifika ya isa. Limamai da dagatai da masu unguwanni su kasance cikin jerin waɗanda saƙon gaggawa zai fara isa gare su. A 2022 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗauki alƙawarin cewa kafin ƙarshen 2027 kowane ɗan'adam zai kasance ƙarƙashin tsarin gargaɗin gaggawa. In alƙawarin zai cika a Indabo, ta irin waɗannan hanyoyi zai bi.

Saura mu, marubuta da makaranta. Kalmomin da za a yi wannan bayani da su, wa zai ƙera su in ba mu ba? Muna da marka, muna da yayyafi, muna da hazo da buji da raɓa, harshenmu cike yake da sunayen sama. Abin da ya rage shi ne a ɗinka su da sabon ilimi, yadda tsohuwa za ta ji ta gane. Magabatanmu sun yi. Abubakar Imam da Rupert East sun rubuta littafin kimiyya da Hausa suka sa masa suna Ikon Allah, kuma sunan kaɗai ya kashe gardamar da muke yi yau. Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969, ya kai yaran Hausawa sararin samaniya a cikin labari. Yau littattafanmu suna shiga ɗakunan da malamin gona ba ya shiga, ana karanta su a rediyo, ana tura su ta waya. Amma in ka duba, jarumin ko dai ɗan Alhaji ne da ya dawo daga Landan, ko matuƙin jirgi, ko likita. Me zai hana jarumar ta zama mai aikin hasashe a filin jirgin Malam Aminu Kano, wadda ta ga hadari ya nufi ƙauyen su mahaifiyarta, wayar dagaci kuma a kashe? Akwai soyayya a nan, akwai tashin hankali, akwai hawaye, kuma mai karatu zai rufe littafin ya san abin da kashi 60 cikin 100 yake nufi.

Kakanninmu sun sha yunwar Kakalaba a 1914 ba tare da wani ya hango musu ita ba. Iyayenmu sun ga farin 1973 da na 1984. Mu an ba mu ido a sama, wanda bai taɓa gyangyaɗi ba. In iri ya ƙone a gonar talaka saboda labarin da yake kwance a kwamfutar wani bai iso shi ba, to a nemi mai laifi a ƙasa.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare mu daga fari da ambaliya, ya sa mu ga kaka lafiya. Wassalam.